BUHUN YASHI DA ƘARFIN RUWA: Jawabi Ga Manoman Fadama a Danwarai

Wannan shi ne jawabin da aka yi wa manoman ƙasar Jega da Aliero da Maiyama da suka taru a Danwarai. Mun buga shi duka domin 'yan'uwa da ba su sami zuwa ba.



Maganar da na zo da ita yau ta buhu ce da yashi. Na san wani zai ce a ransa, ashe don buhu aka hana mu zuwa gona? To, a yi mini haƙuri kaɗan. Buhun nan da muke rainawa, akwai ƙasashen da suka tsare garuruwansu da shi daga haukan teku, akwai kuma inda aka kashe dukiya mai yawa a kansa, ruwa ya kwashe shi dare ɗaya. Abin da ya raba waɗannan da waɗancan shi nake so mu gane yau, domin ranar da aka kawo mana irin wannan aiki mu san abin da za mu duba.

ABIN DA RUWA YA YI MANA

Ba sai an gaya wa mutumin Kabi abin da ake nufi da ambaliya ba. A watan Satumba na 2010 ruwa ya fi ƙarfin madatsar Goronyo, ya biyo Gulbin Rima, ya ci gonaki da gidaje tun daga ƙasar Sakkwato har Argungu. A 2012 aka yi wadda ta game Nijeriya. A daminar 2020 kuwa, hukumar agajin gaggawa ta jiharmu ta ce shinkafar da ruwa ya shanye ta kai wajen hekta 450,000. Ku tuna a Birnin Kabi aka buɗe shirin ba manoman shinkafa rance a Nuwamba 2015. Watau da yawa daga cikin waɗanda ruwa ya ci, da bashi suka yi shuka. Shinkafa ta tafi, bashi ya zauna.

Amma ɓarnar ruwa iri biyu ce. Akwai wadda yakan hau gona ya kwanta, in ya janye ka sami gonarka. Akwai kuma wadda yakan ci gaɓa, ya zaftare ƙasa ya tafi da ita. Wanda ke da gona a bakin Gulbin Zamfara wajen Jega ya san wannan. Gonar da gaɓarta ta zube ba ta dawowa, ba kuwa wanda zai gaje ta. A kan wannan ta biyu, da kuma jingar da mukan yi don tare ruwa, maganata ta fi tsayawa.

INA RUWANMU DA TEKU?

Ilmin nan a bakin teku aka fi bincika shi, gama can ne igiyar ruwa ta fi ƙarfi. Mu ba mu da teku, amma muna da igiyar ruwa. Kadan fadama ta cika ta zama fili guda, iska ta taso gabanin hadari, sai ka ga ruwa na tashi yana marin jinga. Iyakar faɗin ruwan da iska ta bi a kai, iyakar girman igiyar. Mutanen Yawuri da Ngaski sun san haka tun da aka gama madatsar Kainji a 1968, Kwara ta zama tabki. Jirgin ruwa mai inji shi ma yana ta da igiya in ya wuce kusa da gaɓa. Saboda haka abin da aka koya a bakin teku yana da amfani a bakin gulbi, sai dai namu ƙarami ne.

WANE IRIN BUHU NE?

Ba buhun taki ba ne, ba kuma algarara ba. Wani yadi ne mai kauri da ake yi da zaren roba, Turawa na kiransa jiyotekistayil, mu kuwa bari mu ce masa bargon ƙasa, don in ka taɓa shi kamar bargo yake. Hikimarsa ɗaya ce: ruwa na ratsa shi, yashi ba ya ratsa shi. Akan ɗinka shi buhu-buhu, a cika da yashin wurin, a ɗinke baki da keke, a jera. Inda dutse ke da nisa ko tsada, sai yashi ya tsaya a madadin dutse.

Ga shaida daga wurare uku.

A Jamus akwai wani tsibiri, sunansa Sylt. A 1990 aka kare gindin wani gida da ke bakin gaɓar teku a garin Kampen da yashi naɗe cikin irin wannan bargo. A Disamba 1999 aka yi wata gagarumar guguwa, teku ta kwashe yashin da aka rufe aikin da shi, amma jingar ta tsaya, gidan kuma bai faɗi ba.

A Ostareliya, a bakin tekun Stockton, an jera buhuna a 1996, kowanne na cin yashi kusan duro huɗu, nauyinsa ya wuce tan ɗaya. Da nufin 'yan watanni aka yi aikin, sai ga shi ya haura shekara 10. Daga 1999 zuwa 2000 kuma, a wani wuri da ake kira Narrowneck, suka nutsar da manyan buhuna wajen 400 cikin teku, kowanne tsawonsa mita 20, don igiya ta karye a kansu kafin ta iso tudu. Waɗansu sun yage, waɗansu sun nutse cikin yashi, har aka ƙara sababbi a 2017 da 2018. Ku riƙe wannan: ko a ƙasar masu kuɗi, aikin buhu sai da gyara.

Na uku shi ya fi kama da namu, watau Bangaladash. Ƙasa ce ta manoman shinkafa, Musulmi ne mafi yawansu, dutse ya yi musu ƙaranci, ga manyan koguna masu cin gaɓa. Daga 2002, da rancen Bankin Raya Asiya, suka shiga kare gaɓar kogin Jamuna da na Meghna da buhunan bargon ƙasa masu nauyin kilo 126, waɗanda 'yan ƙwadago ke cikawa da hannu. Akan tara su a gindin gaɓa cikin ruwa. In kogi ya ƙwaƙule ƙarƙashi, sai buhunan su gangara da kansu su rufe wurin da ya ƙwaƙule. Sun kare gaɓa fiye da kilomita 20 a wannan aiki, da kuɗin da bai kai na dutse da kankare ba. Amma daga inda ruwa ke tsayawa da rani zuwa sama, inda rana ke duka, igiya kuma ke mari, tubalin kankare suka shimfiɗa.

ME KE SA BUHU YA TSAYA?

Yanzu ga zuciyar magana. A birnin Hanoba na Jamus akwai wani kwalbati da aka gina musamman, tsawonsa wajen mita 300, faɗinsa 5, zurfinsa 7, ana ta da igiyar ruwa a ciki da inji don gwaji. A can, da kuma jami'ar Braunschweig, Farfesa Hocine Oumeraci da almajiransa, cikinsu har da Juan Recio, suka jera buhuna suka sakar musu ruwa, suka zuba ido su ga yadda suke faɗuwa. Abin da aka gano, da na sauran masu bincike, zan kasa muku shi gida bakwai.

Na ɗaya, nauyi. Duk wanda ya taɓa ɗaga dutse cikin gulbi ya san ya fi sauƙi a ruwa. Jiƙaƙƙen buhun yashi in ya nutse, kusan rabin nauyinsa ruwa ke ɗauke masa. Sa'an nan akwai lissafin da wani injiniyan Amurka, Robert Hudson, ya fitar a 1959 a kan duwatsun tare teku: kadan tsayin igiya ya ninka biyu, nauyin da ake bukata ba biyu zai ninka ba, takwas ne. Watau dutsen da ya ishi igiya mai ƙafa ɗaya, in ta kai ƙafa biyu sai mai nauyinsa takwas. Lissafin buhu ya ɗan bambanta da na dutse, amma hanyar ɗaya ce. Don haka wanda ya rage girman buhu don ya rage kuɗi, ba kaɗan ya rage ƙarfin jinga ba.

Na biyu, ba marin igiya ne ya fi kayar da buhu ba, komawarta ce. Sa'ad da igiya ta hau jinga, ruwa kan shige tsakanin buhuna. Da ta juya, ruwan waje ya riga na ciki sauka, sai na cikin ya turo buhu waje yana neman hanya. Shi ya sa buhunan da ke dab da fuskar ruwa, ƙasa kaɗan, su ne ke fara zamewa, kamar an zare tubali daga tsakiyar bango. Bayansu sai na kan tsororuwa, waɗanda ba abin da ya danne su, in ruwa ya fara tsallake jinga.

Na uku, cika. Buhu ba dutse ba ne, yana lanƙwasa. In bai cika ba, kowace igiya takan ɗaga bakinsa ta sake, yashin ciki ya riƙa gangarowa gaba kaɗan-kaɗan. Kwana a tashi gabansa ya kumbura, bayansa ya zama fanko. Kumburin ya ba ruwa abin kamawa, fankon kuwa ya rage inda na sama ya danne shi. Daga nan sai zamewa. Da akan ce a cika kashi 80 cikin 100. Gwajin da aka yi daga baya ya nuna wanda aka cika tam, aka ɗinke, ya fi jure igiya. A kan sa ruwa sa'ad da ake cikawa don yashi ya zauna sosai.

Na huɗu, jeri. A kwantar da buhu kansa na duban ruwa, tsawonsa ya shiga cikin jinga, na sama ya hau rabin na ƙasa, gaɓa ba ta haɗu da gaɓa ba, kamar yadda magini ke ɗora tubali. Jinga kuma ta kwanta, kada ta miƙe kamar bango: in ta tashi ƙafa biyu, ta ja baya ƙafa uku ko fiye.

Na biyar, fatar buhu. Mai santsi yana zamewa a kan ɗan'uwansa. Buhun taki saƙaƙƙe ne mai sulɓi, bargon ƙasa kuwa yana da kaushi, yana kama na kusa da shi. Wannan kaushin yana ƙara wa jinga ƙarfi.

Na shida, gindi. Yawancin jingar da ta rushe, daga ƙasa aka ci ta. Ruwa kan ƙwaƙule ƙarƙashin sahun farko, ya faɗa rami, na sama su biyo shi. Magani shi ne a haƙa a binne sahun farko ƙasa da inda ruwa ke iya ƙwaƙulewa, ko a tara buhunan ajiya a gindi irin na Bangaladash. A kuma shimfiɗa bargon a bayan buhuna, don kada ruwa ya tsotse ƙasar gaɓa ta tsakaninsu. Ƙarshen jinga na dama da na hagu a cusa su cikin tudu, in ba haka ba ruwa ya zagayo ta baya. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Na bakwai, rana da wuƙa. Zafin rana na cin roba. Kun sha ganin buhun taki da aka bari a fili, kafin shekara ta kewayo ya zama gari. Bargon ƙasa na ƙwarai akan sa masa maganin rana tun a masaƙa, duk da haka ya fi daɗewa cikin ruwa ko a binne. Kofaton shanu, da wuta, da ƙarfen jirgi, da yaro mai wuƙa, kowannensu na iya huda shi. Buhu ɗaya in ya zube, na kansa sun rasa mazauni.

Kuma yashi za a zuba, ba laka ba, ba turɓaya ba. Kada kuma a ɗebo yashin daga gindin gaɓar da ake son karewa. Wanda ya yi haka ya haƙa wa jingarsa kabari.

ABIN DA ZA MU IYA DA HANNUNMU

Wani zai ce, mu da ba mu da bargon ƙasa fa? Buhunan da ke hannunmu suna da ranarsu, in an san iyakarsu. Na tare ruwa ne na damina ɗaya, ba na tsare gaɓa shekara da shekaru ba. Ƙa'idarsu kuma dabam take da ta manyan da ake ɗinkewa. Injiniyoyin sojan Amurka, waɗanda suka daɗe suna fama da ambaliyar kogin Misisipi, suna koyar da cewa ƙaramin buhu rabi ake cika shi ko kashi biyu cikin uku, a naɗe bakin a ƙarƙashi, a tattake shi ya baje ya toshe kafa. Faɗin gindin jinga ya ninka tsayinta uku. Ga lissafinsu, da ƙananan buhunan da mutum ɗaya ke ɗauka, a kan jinga mai tsawon ƙafa 100: in tsayinta ƙafa 1 ne, buhu 600, ƙafa 2, buhu 2,100, ƙafa 3, buhu 4,500, ƙafa 4, buhu 7,800.

Ku dubi yadda lissafin ke hawa. Wannan ba aikin mutum ɗaya da 'ya'yansa ba ne, aikin gayya ne, kuma da rani ake shirya shi. Ba a fafe gora ranar tafiya. Inda ruwa ba shi da ƙarfi sosai, a dasa jema a bayan buhuna da kansu, domin saiwarta na nutsawa ƙasa ta riƙe ta. Kafin buhu ya mutu, jema ta kama.

Sai dai in faɗa muku gaskiya biyu masu ɗaci. Ta fari, ruwa irin na 2020 ba buhun da zai tare shi a fadama. Ranar da ruwa ya kai haka, rai ake tsarewa, a kwashe yara da tsofaffi da dabbobi a hau tudu. Hukumar duba yanayi da ta lura da koguna suna fitar da gargaɗi kowace shekara kafin damina, hakkinmu ne a karanta mana shi da Hausa a kasuwa da masallaci da rediyo. Ta biyu, ruwan da ka tare bai ɓace ba, wurin maƙwabcinka ya nufa. Jingar da ƙauye ɗaya ya yi ba da shawarar na ƙetare da na gangare ba, rigima ce aka shuka. Sarakunan noma da dagatai su zauna tare tun kafin a ɗora buhun farko.

INA KUƊIN?

Babban aikin gaɓa ya fi ƙarfin gayya, na hukuma ne. Kuma ba roƙo muke yi ba. Tun 1981 aka kafa asusun kula da zaizaya da ambaliya, ana yanka masa rabo daga kuɗin tarayya, jihohi da ƙananan hukumomi suna da kaso a ciki. A Disamba 2021 Bankin Duniya ya amince da rancen dala miliyan 700 na shirin ACReSAL don gyaran ƙasa da ruwa a jihohin Arewa 19 da Abuja. Rance ne, mu da 'ya'yanmu za mu biya. Wanda zai biya bashi kuwa yana da ikon ya tambayi inda aka sa shi.

Ku ji abin da ya sami mutanen Ayetoro a bakin teku cikin Jihar Ondo. An ba da kwangilar kare garinsu a 2004, aka sake ba da ita a 2009, kuɗi ya fita, teku kuwa ta ci gaba da cin gidajensu da makarantunsu. Ba ilmi ne ya gaza a can ba, sa ido ne ya gaza. Aikin buhu kuwa ya fi kowane aiki sauƙin ha'inci, gama rabinsa cikin ruwa yake, ba mai gani. Shi ya sa a Bangaladash ake jera buhuna a tudu, a ƙirga su, a auna nauyin waɗansu, kafin a yarda a jefa ko ɗaya.

Saboda haka ranar da aka kawo irin wannan aiki ƙasar Jega ko Aliero ko Maiyama, ga tambayoyin da za ku yi, cikin ladabi, amma ba da tsoro ba. Buhu nawa aka rubuta a takarda, nawa aka kawo? Kilo nawa ne kowanne, ina ma'auni? Bargon ƙasa ne ko buhun taki aka rina? Ina takardar da ta nuna yana jure rana? Zurfin ƙafa nawa aka binne gindi? Daga ina aka ɗebo yashi? Wa zai gyara in ya yage, da kuɗin wa, har shekara nawa? A kafa allo a bakin aiki, a rubuta kuɗin da sunan ɗan kwangila da ranar gamawa, da boko da ajami. A sa mutanen gari cikin masu ƙirga. Cika buhu da ɗinki da jeri kuma aikin samarinmu ne, ba sai an kwaso 'yan ƙwadago daga nesa ba. Ga jami'ar kimiyya da fasaha a Aliero tun 2006, a nan kusa da mu. Me zai hana malamanta da ɗalibanta su auna mana gaɓa kowace shekara, su gwada yashinmu, su gaya mana girman buhun da ya dace da gulbinmu?

'Yan'uwa, ku koma gida da abu uku. Kowane ƙauye mai fadama ya kafa kwamitin jinga kafin ruwan fari. A kafa turaku a bakin gaɓa, a auna da igiya bayan kowace damina, a rubuta ƙafa nawa ruwa ya ci, domin hukuma na iya musun kuka, amma da wuya ta musa lissafi. Sa'an nan a kai wannan lissafi gaban kansila da shugaban ƙaramar hukuma da ɗan majalisa, a rubuce, da sa hannun jama'a, a kuma riƙe kwafi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya tsare mana gonakinmu da rayukanmu, ya ba shugabanni ikon riƙe amana.